Banish ya yi min fari a kan T-55, kuma wai tsatsa nawa ce ta isa?

Dan_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Matsala biyu na kawo muku, ɗaya ta gaggawa, ɗaya ta ra'ayi. Wata uku ke nan ina haɗa 'yar tankar roba ƙirar T-55, ma'aunin 1/35, wato ta gaske ta ninka ta sau 35 a tsawo. Na yi mata faraima, na fesa kore, na manna lambobi, komai ya zauna daidai. Jiya bayan isha'i na fesa mata banish mara sheƙi don in rufe aikin, a lokacin ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na duba, sai na tarar kan tankar da bayanta sun yi fari-fari kamar an barbaɗa garin rogo. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Akwai gyara, ko sai na kankare na koma farko?

Ta biyu kuma, hotunan ayyukan Turawa da nake gani, tanka ta yi jawur da tsatsa, fenti ya ɓaɓɓare ko'ina. Suna da kyau a ido, amma zuciyata ba ta yarda haka tankar da ke bakin aiki take ba. Ni so nake tawa ta yi kama da wadda ta yi wata shida a dajin Borno, ba wadda aka yar a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin ba. Masu sani ku taimaka.

Mai_Fenti_Ladipo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka kankare komai tukuna. Abin da ya same ka mu masu fentin mota muna gamuwa da shi duk damina. In ka fesa, tinar da ke cikin fentin tana tashi da sauri, sai jikin abin ya yi sanyi, danshin da ke cikin iska ya sauka a kai ya maƙale a ƙarƙashin banish ɗin. Farin da ka gani ke nan. Iskar Legas a watan Yuli kuwa rabinta ruwa ce. Ka jira ranar da aka yi rana sosai, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da azahar, ka fesa banish mai sheƙi siriri a kan wurin. Sau da yawa farin yana ɓacewa nan take. Ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka maida mara sheƙin, shi ma da rana, kaɗan-kaɗan.

Sadiq_72:
Oga ya faɗi gaskiya, amma akwai wani dalilin. Banish mara sheƙi akwai wani farin gari a cikinsa, shi ne yake kashe ƙyallin, kuma yana kwanciya a gindin kwalba. In ba ka motsa sosai ba, ko ka zo ƙarshen kwalba inda garin ya taru, zai fito da fari ko da rani ne. Haka in ka tsaya nesa, feshin yana bushewa a iska kafin ya isa jikin robar. Da gwangwani ka fesa ko da bindiga?

Dan_Agege:
Da ƙaramar bindigar feshi ce, allura 0.3. Kwalbar kuma gaskiya ta kusa ƙarewa. Sannan kwamfuresata ba ta da matarar ruwa.

Sadiq_72:
To duka ukun sun haɗu maka. Ka nemi matarar ruwa ka ɗaura kusa da bindigar, a garin nan ba a feshi ba tare da ita ba. Ni kullum in na gama sai na tsiyaye ruwa daga tawa. Iska kuma ka bar ta tsakanin 15 da 20 a agogon kwamfuresar, ka tsinka fentin ya yi kamar madarar da aka dama.

Kawu_Ritaya:
'Ya'yana, ni ban taɓa haɗa irin wannan ta roba ba, jikana ne yake yi, shi ya sa ni cikin zauren nan. Amma ta ƙarfen na zauna da ita shekaru, har Laberiya na je a zamanin ECOMOG. Dan_Agege, zuciyarka ba ta yaudare ka ba. Motar da take da ma'aikata a kanta ba a barin ta ta yi tsatsa irin wadda kake faɗa. Akwai saje a kanka, akwai ranar duba kaya. In fenti ya fita a wuri, za a sa ka ka shafa wani da burushi, ko da launin bai zo ɗaya da na da ba. Saboda haka abin da za ka gani shi ne faci-faci na sabon kore a kan tsohon kore da rana ta cinye.

Abin da yake cika jikin mota shi ne ƙura, sai mai. Ƙura tana shiga kowane lungu. Wurin da ake zuba man gas kullum a jiƙe yake, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi-baƙi. Bakin ƙofar sama inda ake shiga da fita, da inda ake taka takalmi a hau, nan fenti yake gogewa, kuma ba ja yake yi ba, sulɓi yake yi yana ɗan ƙyalli kamar bakin fartanyar da ake noma da ita. Haƙoran kaca ma haka, inda suke gugar ƙasa fari ne tas. In an ajiye mota kwana uku a damina kacar za ta yi ja, amma ana tafiyar mil biyu ta goge.

Inda tsatsa take zama da gaske: salansa, saboda zafi yana ƙone fenti, da siraran ƙarafuna irin su madogara (murfin da ke saman kaca mai tare taɓo) da akwatunan kaya, da wayar ja, wato wadda ake jan mota da ita.

Dan_Agege:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Wannan bayanin ya fi min hoto ɗari. Zancen facin sabon fenti ban taɓa kawo shi a raina ba.

Abba_Obalende:
Da girmamawa ga Kawu, ni ina da ja kaɗan. Abin da muke yi ba tanka ba ce, hoton tanka ne mai tsawon tafin hannu. In ka yi ta daidai yadda take a zahiri, kore ɗaya da ƙura ɗaya, ka ajiye a kan kanta, daga taku uku baya ba a ganin komai sai dunƙulen kore. Dole ka ƙara gishiri. Ka haskaka saman, ka duhunta lunguna, ka sa tsatsa inda za ta ja ido. Mig Jimenez na Sifen da ire-irensa da wannan salon suka yi suna, kuma shi ya sa aikinsu yake magana tun daga nesa. Kafin su ma, François Verlinden na Beljiyam da busasshen burushi ya riƙa fito da gefuna fiye da yadda suke a gaske. Kowane zamani da irin gishirinsa.

Hajjo_Yaba:
Yaya Abba, na yarda da rabin maganarka. Haskaka launi dole ne, domin ƙaramin abu ba ya karɓar haske kamar babba, in ka fesa ainihin koren sai ya fito da duhu. Ni nakan ɗiga ɗan rawaya mai ruwan ƙasa a cikin koren da zan fesa a sama, ba fari ba, fari yana kashe kore ya maida shi toka. Amma haske da inuwa daban, tsatsa daban. Haske yana gyara gani ne, tsatsa kuwa labari take bayarwa. In ka sa ta inda ba ta, ka ba da labarin da bai faru ba.

Ku yi lissafi ma. A 1/35, ɓantaren fenti mai faɗin milimita ɗaya daidai yake da santimita uku da rabi a jikin ta gaske. Wanda ya kai milimita uku ya haura santimita goma, wato faɗin tafin hannu. Yawancinmu ɓantarenmu ya yi girma da yawa.

Abba_Obalende:
Lissafin nan ya kama ni, ban musa ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mai aiki yana da 'yancin zaɓar labarin da zai bayar.

Kawu_Ritaya:
Yana da shi, ɗana. Sai dai ya san ƙarfen da yake kwaikwaya. Jikana ya taɓa kawo min ƙaramar tanka ƙirar Scorpion da ya yi, ya zuba mata jar tsatsa a gefe. Na ce masa wannan motar jikinta alminiyom ne, ba ta tsatsa irin wannan ko ta shekara a cikin ruwa. In fentinta ya goge, fari-fari mai toka za ka gani. M113 ta Amurka ma haka take. Sai da ya sake fentin gefen.

Baban_Walid:
Ina bin ku a hankali. Ni sabon shiga ne, tambayata ƙarama ce. Baƙin ruwan nan da ake ɗigawa a lunguna don kusoshi da layuka su fito, da me ake haɗa shi? Zan iya tsinka shi da kananzir ko fetur? Domin na shago ya yi tsada in an haɗa da kuɗin kawowa.

Mai_Fenti_Ladipo:
Fetur kam a'a, Malam. Tinar mota ma a'a. Robar da ake yin waɗannan motocin da ita ba ta jure su, za ta yi laushi ko ta tsattsage, musamman wuraren da ka sa gam. Kananzir kuma maiƙo gare shi, ba ya bushewa da wuri.

Hajjo_Yaba:
Baban Walid, ba sai ka sayi na kwalba ba. Ka shiga shagunan kayan zane na wajen Yaba ka nemi fentin mai na masu zane, ƙaramin bututu ɗaya mai ruwan ƙasa mai duhu, ɗaya baƙi, ɗaya fari, ɗaya ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa. Za su yi maka shekaru. Sai wayit-sifirit mara wari na tsinkawa. Ka matsa fentin a kan guntun kwali ka bar shi kamar awa biyu, kwalin zai tsotse man da ke ciki, sai ya fi saurin bushewa kuma ba zai yi ƙyalli ba. Ka tsinka shi ya zama kamar ruwan shayi ba madara, ka taɓa bakin siririn burushi a gindin kusa ko a layi, zai bi da kansa. Bayan minti goma sha biyar ka goge abin da ya wuce da burushi mai ɗan danshi.

Sharaɗin shi ne fentin ƙasa ya zama akirilik, irin su Vallejo ko Tamiya, kuma ya bushe sarai, an fi so ma da banish mai sheƙi a kai. In fentin ƙasan inamel ne kamar Humbrol ba ka rufe shi ba, abin da ya tsinka na sama shi zai narkar da na ƙasa. Baƙi zalla kuma kada ka sa a kan kore, ya yi tsauri, ka haɗa shi da ruwan ƙasa.

A damina ka ba fentin mai kwana uku ko huɗu kafin ka ɗora wani abu. Na taɓa yin gaggawa a kan wata babbar motar soja, washegari na fesa banish, duk aikin ya yamutse.

Baban_Walid:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ranar Asabar in sha Allah zan leƙa Yaba.

Usman_Mile12:
Ku gafarce ni zan ɗan fita daga layi. Duk sanda na karanta ku sai in tuna motar kara da muke yi muna yara a ƙauye, da ta langa-langa mai tayar silifas. Har baƙin gawayi muke shafawa a baya wai hayaƙi. Ashe abin da muke yi ke nan tun da can, ba mu san yana da suna ba. Yanzu ɗana yana ganin ina fenti sai ya ɗauko gwangwanin madara ya zauna kusa da ni.

Sadiq_72:
Malam Usman, ka tuna min da gida. Amma don Allah in za ka yi feshi ka fitar da yaron daga ɗakin, kai ma ka sa takunkumi na masu fenti, ka buɗe taga. Fentin laka (lacquer) irin Mr. Color warinsa kaɗai ya isa ya gaya maka ba na shaƙa ba ne.

Bakanike_Apapa:
Mu dawo kan ƙura, tunda Kawu ya ce ita ce babba. Dan_Agege, ka ce Borno kake so. To ka kula, ƙasar can ba irin ta nan ba ce. In ka bi hanyar Ibadan ko ka shiga Ogun jar marmara ce, motar da ta fito daga can jawur take zuwa mana gareji. Wajen Maiduguri kuwa rairayi ne mai haske, fari-fari da ɗan rawaya. In ka gangara wajen Dikwa da Gamboru sai baƙar laka, da damina ta kama taya kamar gam, da rani ta tsattsage. Saboda haka ka fara yanke shawarar wuri da lokaci kafin ka taɓa burushi.

Kuma shawarata ga kowa, ku daina kallon aikin wasu kawai, ku kalli motocin gaske. Ka tsaya a hanyar Apapa zuwa Oshodi ka dubi tankokin man da ke layi. Dubi yadda man gas yake gangarowa daga murfi ya yi layi mai duhu, mai faɗi a sama siriri a ƙasa. Dubi yadda ruwan sama yake jan ƙura ƙasa a tsaye. Dubi katafila a wurin aikin hanya, kacarta da tayoyinta su ne mafi kusa da na tanka da za ka samu a gari. Tsatsar tirelolin Apapa dai kada ka kwafa, wannan ta iskar gishirin teku ce, Borno ba ta da ita.

Kawu_Ritaya:
Na ji daɗin wannan. In ƙara da jan kunne: kada sha'awa ta kai wani ya je ƙofar bariki, Ikeja ko Ojo ko Bonny Camp, ya ɗaga waya yana ɗaukar motocin soja. Zai jawo wa kansa abin da bai shirya ba. Hotunan jaridu sun isa. Wanda Allah ya kai shi Umuahia ya shiga gidan tarihin yaƙi, akwai motocin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a ajiye, har da waɗanda 'yan Biyafara suka ƙera. A can ne za ku ga tsatsar ajiya, ku gane bambancinta da dattin aiki.

Dan_Agege:
Rani nake so, Oga, wajen watan Maris. To ƙurar da me zan yi ta? Garin launi na kwalba ba ni da shi.

Bakanike_Apapa:
Allin zane mai launi, wanda ba na mai ba. Ka goga shi a kan sanfefa ya zama gari, ka haɗa ruwan ƙasa mai haske da fari da ɗan rawaya. Ka zuba da busasshen burushi a lunguna, sannan ka ɗiga wayit-sifirit a gefe ya bi ya zaunar da shi. In ya jiƙe zai yi kamar ya ɓace, kada ka ƙara, yana bushewa zai dawo. Kuma kada ka fesa banish mai yawa a kansa, yana cinye shi.

Ga mai son taɓo kuma, ƙasar gaske ma tana yi. Ka tankaɗe ta da rariya mai laushi, ka soya ta a tsohuwar tukunya don kada ta yi fumfuna a wannan danshin namu, ka haɗa da ɗan garin POP da farin gam na kafinta da ɗigon fenti.

Hajjo_Yaba:
Tankaɗen nan ya zama sau biyu ko uku. Lissafin ɗazu ne dai, ƙwayar yashi ɗaya a jikin 1/35 dutse ce.

Abba_Obalende:
Tunda T-55 ce, bari in ba da tawa gudummawar kada a ce ja kawai na zo yi. Salansarta a gefen hagu take, a kan madogara, injin kuma na man gas ne, saboda haka baƙin hayaƙi a nan zai taru ya bi baya. Tankunan mai na waje suna gefen dama, nan za ka yi jiƙon man da Kawu ya faɗa. Tayoyi biyar ne kowane gefe, da tazara tsakanin ta farko da ta biyu, kuma ba ta da ƙananan tayoyin sama masu riƙe kaca, don haka kacar kwanciya take a kan tayoyin. In ka bar ta a miƙe kamar tsirkiya, duk fentin duniya ba zai sa a ji nauyin tan 36 ba. Gefunan ƙofa da haƙoran kaca kuma ka goga musu bakin fensir mai laushi ka murza da yatsa, shi ne ƙyallin fartanyar nan.

Ɓantaren fenti kuma da guntun soso, irin na cikin kwalin kayan lantarki. Ka tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, ka dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa gefuna. Ni dai a tawa zan ƙara kaɗan fiye da yadda Kawu zai so.

Usman_Mile12:
Wata tambaya, ku kuna sa 'yan sojojin roban da ke zuwa a cikin kwalin? Ni ina barin su, zuciyata ba ta kwanta da mutum-mutumi ba.

Sadiq_72:
Ni ma ba na sawa. Nakan bar ƙofar sama a buɗe, in ɗora jarka da naɗaɗɗen tamfol da bokiti, ana gani an san akwai mutane. Hukuncin kuma a tambayi malamai, ba fagenmu ba ne.

Maman_Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Kakana ya je yaƙin ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu tare da dakarun Afirka ta Yamma, runduna ta 81, wadda yanzu mai wannan lambar hedikwatarta tana nan Legas. Ina so in yi ƙaramar jif ta wancan zamani in ajiye wa mahaifiyata. Duk abin da kuka faɗa a kan ƙura ya shafe ni, ko tawa daban ce?

Bakanike_Apapa:
Taki ta fi karkata ga taɓo da danshi, Hajiya, domin daji ne mai ruwa da tsaunuka. Ƙasan motar ya yi duhu da ɗan sheƙi kamar bai bushe ba, sama kuma busasshen taɓo mai haske. Launi biyu ke nan aƙalla. Gilashin gaba ki bar inda waifa take sharewa a wanke.

Dan_Agege:
Jama'a ga labari. Yau an yi rana, na bi maganar Oga na Ladipo, na fesa mai sheƙi wajen ƙarfe sha biyu. Farin kan tankar ya tafi gaba ɗaya, alhamdu lillahi. A bayanta, wajen ragar injin, akwai ɗan saura a lunguna. Ina tunanin in bar shi, tunda ƙura mai haske za ta hau wurin.

Mai_Fenti_Ladipo:
Madalla. Amma ka taɓa wurin da yatsa. In sumul yake, bar shi. In yana da kaushi kamar sanfefa, to busasshen feshin da Sadiq ya faɗa ne, ka ɗan goge shi da sanfefar ruwa mai lamba 2000 kafin ka ci gaba, in ba haka ba fentin mai zai bazu a wurin ya yi tabo.

Abba_Obalende:
To tsatsar fa, me ka yanke?

Dan_Agege:
Salansa da wayar ja da maƙalan gangunan baya. Sai facin sabon kore biyu ko uku a gefe, irin na Kawu. Madogarar gaba ce ban yanke ba, ina so in lanƙwasa ɗaya kamar ta bugi kututture. Kawu, in ƙarfe siriri ya lanƙwashe haka a rani, kwana nawa yake ɗauka kafin ja ya fito a wurin lanƙwasar?